Lambar da Angama Ya Zaɓa wa Matarsa

Akwai wani injiniyan kwamfuta da ke aiki a wata babbar makaranta, irin makarantun nan da ɗalibi zai shekara huɗu bai san rabin gine-ginenta ba. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Angama yake ce masa, domin duk aikin da aka miƙa masa, kafin mai bayani ya rufe baki zai ɗaga hannu ya ce, "An gama."

Kuma gaskiya yana da kai, wannan ba a ƙwace masa ba. In ya zauna gaban kwamfuta, yatsunsa kamar ruwan sama a kan kwano. Matsalarsa ɗaya ce: ya san yana da kai.

Ofishinsu a hawan ƙasa yake, ɗaki mai sanyi da tebur biyu. Bayan wata ƙofar gilashi kuma manyan na'urori ne tsaye a layi, suna gurnani ƙasa-ƙasa. Tebur ɗaya nasa ne. Ɗayan na wata dattijuwa ce da ta riga shi zuwa wurin da shekara goma sha tara. Anti Kundi ake ce mata, saboda wani baƙin littafi mai kauri da ba ta rabuwa da shi. Ko fis ɗin wuta aka canza, sai ta rubuta rana da dalili.

Aikinsu shi ne kula da zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urorin makarantar. Ita wannan zuciya ita ke yanke hukuncin wa zai buɗe wane fayil, wa za a hana.

To, a nan akwai abin da ya kamata ku sani, jama'a, kafin mu ci gaba. Na'ura ba ta san sunan kowa ba. Farfesa ne kai ko mai shara, lamba take ba ka, da ita take gane ka. Kuma akwatin da take ajiye lambar ƙarami ne, gurbi goma sha shida kacal, kowane gurbi kuma sifili ko ɗaya kawai yake ɗauka. Iyakar abin da yake ɗauka daga sifili ne zuwa 65,535. Sifili kuwa ba ta kowa ba ce sai mai gida, wato mai cikakken iko a kan na'urar. Wanda duk na'ura ta gani da sifili, ba ta tambayarsa komai. Kowace ƙofa a buɗe take gare shi.

Shekara da shekaru ana ta raba lambobi, ba a karɓe na waɗanda suka gama karatu, domin takardunsu na nan. Ranar da aka duba, an kai 65,400 da 'yan kai. Sabbin ɗalibai dubu huɗu kuma suna tafe nan da mako biyu.

Darakta ya sauko da kansa, abin da bai saba ba.

"Ina jin an ce lamba za ta ƙare. Lamba ma tana ƙarewa?"

"Akwatin ne ya yi kaɗan, ranka ya daɗe," in ji Angama. "Faɗaɗa shi za a yi, daga gurbi goma sha shida zuwa talatin da biyu. Sai ya ɗauki mutum sama da biliyan huɗu. Ko aljanun makarantar nan za mu yi wa rajista, ba za ta cika ba."

"Za a iya kafin ɗalibai su zo?"

"An gama."

Kwana huɗu ya yi a kai. Ya shiga cikin zuciyar manhajar, ya faɗaɗa akwatin, ya gwada, ta tashi lafiya. Ya jingina da kujera ya ɗora ƙafa kan tebur.

Anti Kundi ta sauke gilashinta zuwa kan hanci.

"Ƙanena, aikinka ya yi kyau. Amma da saura."

"Saura me, Anti?"

"Kai ka faɗaɗa ɗaki. Tsofaffin ƙofofin fa? Akwai tsofaffin manhajoji da har yanzu ta ƙaramar ƙofa suke tambayar lambar mutum. Hannunsu gurbi goma sha shida yake riƙewa. In ka miƙa musu babbar lamba, ba za su ce ta yi musu yawa ba. Kan za su yanke, su riƙe gindin."

"To su riƙe mana."

"Ka taɓa ganin mitar tsohon babur ta cika? Tara-tara duka, sai ta juya ta koma sifili, kamar yau aka fito da shi daga kwali."

Ta buɗe littafin. Ta jera wurare arba'in da ɗaya da lambar mutum ke wucewa. Ta duba ashirin da tara, saura goma sha biyu, ciki har da tsohon rumbun da ake ajiye fayilolin makaranta. Abin da take so shi ne a sa mai gadi a bakin tsohuwar ƙofa. Duk babbar lambar da ta zo wucewa, a musanya ta da 65,534, wadda a tsarinsu lambar "ba kowa ba" ce, wato baƙon da ba shi da ikon taɓa ko tsinke.

"Ka ba ni kwana goma," ta ce.

"Anti, kwana goma? Ni na gina gida a kwana huɗu, ke kina neman kwana goma ki duba ƙusa?"

Ta mayar da gilashinta.

Washegari aka yi taro a ofishin Darakta, a hawa na uku. Shugabannin sassa sun cika teburi, an jera musu ruwan roba. Anti Kundi ta yi bayaninta a nutse, har da mitar babur. Tana gamawa Angama ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina girmama Anti, uwa ce a wurinmu. Amma Anti ko lif za ta hau sai ta nemi kwana goma ta duba igiya. Ana zamanin jirgi, ita tana ba mu labarin babur."

Aka kwashe da dariya. Har mai kawo ruwa sai da ya juya baya.

Darakta ya goge ido ya ce a ɗora aikin Angama ranar Alhamis. Ya ƙara da cewa kujerar shugaban sashe da ta daɗe babu kowa, in rajista ta wuce lafiya, an san mai ita. Ita kuma Anti, tunda tana da haƙurin duba abu, akwai teburin ƙorafi a bakin ƙofar shiga, inda ɗalibai ke zuwa in sun manta kalmar sirrinsu. Ta koma can ta ɗan taimaka.

Ta ɗauki littafinta da kofin shayinta da ƙaramar fankarta, ta koma bakin ƙofa.

Yanzu bari mu leƙa gida.

Matar Angama tela ce, ana kiranta Uwar Biyu saboda tagwayenta mata. Mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Zarenta a jere yake daga fari zuwa baƙi. Cokulanta duk gefe ɗaya suke kallo. Shekara tara ta yi tana cewa za ta koma makaranta in yara sun yi wayo. A bana ta cika fom, aka ɗauke ta kwas ɗin ƙarshen mako na koyon aikin ofis, a makarantar da mijinta ke aiki. Ta sayi jaka, ta ɗinka wa littattafanta riga. Ta kira yayarta da ƙannenta da duk wanda ya taɓa ce mata "a wannan shekarun?", ta sanar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar rajista Angama ya zauna yana kallon lambobi suna hawa. Da suka kusa bakin iyaka sai ya dakatar da layin, ya jawo fom ɗin matarsa daga ƙasa, ya sa shi daidai inda yake so. Da yamma ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya ajiye mata kati a kan keken ɗinki.

"Karanta."

"65,536. To?"

"To? Ke kin san mene ne wannan? Tun da aka kafa makarantar nan, babu ɗan Adam da ya taɓa riƙe lamba sama da 65,535. Ke ce ta farko a sabon zamani. Ni na buɗe ƙofar, matata ce ta fara shiga."

"Ikon Allah. Wasu mazan atamfa suke kawowa."

"Atamfa tana tsufa."

"Ita wannan a ɗaura ta ake yi ko a yafa?"

Amma ta ji daɗi. Ya ga ta sa katin a aljihun ciki na jakar, ta ja zif.

Ranar Asabar ta tafi ajinta na farko tun da sassafe. Ta dawo bayan azahar, ta same shi kwance a falo yana kallon ƙwallo, tagwaye suna hawa bayansa suna sauka.

"Baban Biyu, makarantar nan taku akwai ƙazanta."

"Uhm."

"Malama ta ce kowa ya buɗe ma'ajiyarsa ya koyi shirya fayil. Ta kowa fayau, babu komai. Ni ina buɗe tawa, sai ga kaya kamar an juye kasuwa. Na ɗaga hannu, malama na can tana fama da wani dattijo da ya riƙe linzamin kwamfuta a juye. Ta ce daga nesa, 'Duk abin da kika gani naki ne, ki shirya.' Na ce to."

"Madalla. Kai, buga mana!"

"Wai ka ga sunayen? 'Na ƙarshe.' 'Na ƙarshe na biyu.' 'Na ƙarshe na gaske.' Har da 'Na ƙarshe wallahi.' Na ce abu ɗaya ne ake ta tarawa, kamar safarka. Na bar wanda aka rantse a kansa, na share sauran."

"Kin kyauta."

"Akwai ma wani da na buɗe, na ga tambayoyi da sunan kwas ɗinmu a sama. Na ce wannan ba huruminmu ba ne tukuna, na rufe. Na buɗe wuri guda na sa masa suna 'Tarkace', na kwashe sauran na zuba. Awa biyu ina yi. Yanzu ka ga wurin, tas."

"Ai na san ki. Gola! Wayyo, ya ɓarar!"

Ta tsallake ƙafarsa ta shige kicin.

Ranar Litinin, tun kafin Angama ya ajiye jakarsa wayar ofis take ruri. Sashen lissafi ba su ga tambayoyin jarabawarsu ba. Sashen shari'a sun ga nasu, amma na bara ne. Sakamakon 'yan ajin ƙarshe na sassa shida ya yi ɓatan dabo. Wani malami ya sauko har ƙasa da rigarsa a karkace yana tambaya wane mara kunya ne ya sa littafin da ya shekara bakwai yana rubutawa a cikin "Tarkace".

Da Angama ya ji kalmar nan, sai da ya nemi kujera.

Ya buɗe rajistar tsohon rumbun fayil. Ta nuna mai gida ne ya yi aikin, lamba sifili, ranar Asabar daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, daga kujera ta goma sha huɗu a ɗakin koyon kwamfuta. Ya buɗe rajistar ɗakin. Kujera ta goma sha huɗu, lamba 65,536.

Ya ɗauki biro ya rubuta lambar yadda na'ura ke rubuta ta. Ɗaya ne a gaba, sai sifili goma sha shida a bayansa. Ya sa babban yatsa ya rufe ɗayan, kamar yadda tsohon rumbun ya yanke shi.

Cikin ɗakin nan mai sanyi gumi ya keto masa har cikin takalmi. A duk lambobin duniya, babu wadda ta fi wannan haɗari. Kuma shi ya tsayar da layi ya zaɓa mata ita da hannunsa.

Bai gama share gumi ba aka ce Darakta na kira.

Darakta ya rufe ƙofa da kansa. Jami'in jarabawa ya riga ya kai rahoto: ɗaliba mai lamba kaza, matar injiniya kaza, ta shiga da ikon mai gida, ta buɗe tambayoyin kwas ɗinta, ta lalata na wasu. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Laraba.

"Zauna, ɗana. Ni na san ba ka ba ta kalmar sirri ba."

"Wallahi ban ba ta ba, ranka ya daɗe."

"To ɗauka ta yi. Mata akwai bincike. Ka rubuta a wata takarda, ka bari a aljihu, ta zo wanki ta gani. Ko ba haka aka yi ba?"

Darakta bai jira amsa ba.

"Ka ga, in haka ne, magana ta ƙare. A sallame ta ba hayaniya, ta koma kan kekenta. Kwas ɗin Asabar ne, ba digiri ba. Kai a ja maka kunne kan sakaci, bayan wata biyu ka hau kujerarka. In kuwa aka ce aikin da na sa hannu a gaban shugabannin sassa shi ne ya fashe..." Ya buɗe tafin hannu. "Ni dai na kusa ritaya. Kai ne ke da sauran tafiya."

Angama ya sauko matakala yana lissafi. Abin haushi, lissafin Darakta yana fita daidai.

A bakin ƙofa ya tarar da Anti Kundi tana fama da wata ɗaliba da ta manta kalmar sirrinta karo na uku. Ya so ya wuce kamar bai gan ta ba. Ta kira shi ba tare da ta ɗago ba.

"Ƙanena, zo."

Ya zo ya tsaya kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Kafin a ɗora aikinka na kwafe rumbun gaba ɗaya. Ranar Juma'a da yamma ma na sake, kafin in tashi. Babu wanda ya sa ni, hali ne. Zuwa la'asar komai zai dawo, har littafin malamin nan mai kuka. Ka kuma dakatar da lambarta yanzu, kafin ta ga wani wurin da bai yi mata tsaf ba."

Ya matso kusa da teburin, ya rage murya.

"Anti... kin san abin da ya faru?"

Ta dafa baƙin littafinta. "Shafi na sittin da biyu."

"Za ki faɗa wa kwamiti?"

"Ba su kira ni ba. Ni mai teburin ƙorafi ce." Ta miƙa wa ɗalibar takarda, sannan ta dube shi ta saman gilashi. "Fayil na iya dawo da shi. Sunan matarka ba ya cikin abin da na kwafe."

A gida Uwar Biyu ta karɓi takardar sammaci ta karanta sau biyu a tsaye.

"Satar jarabawa? Ni? Baban Biyu, ni da ko canjin zare aka yi mini ƙari sai na mayar? Ka faɗa musu mana. Ai kai ka san na'urar."

"Ana dubawa," ya ce.

"Me ake dubawa?"

"Abin yana da sarƙaƙiya. Ba za ki gane ba."

Ta dube shi. Ta ninke takardar gida huɗu daidai wa daida, ta sa a jaka. Ranar ba ta taɓa keke ba. Yayarta ta kira tana tambayar yaya makaranta, ta ce lafiya lau, ta kashe wayar.

Ranar Laraba da hantsi kwamiti ya zauna a wani dogon ɗaki mai labule kore. Farfesa mai farin gashi a tsakiya, jami'in jarabawa a damansa da tarin takardu, Darakta a gefe yana wasa da makullin mota. Uwar Biyu ita kaɗai a kujerar tsakiyar ɗaki, jakarta a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Angama yana layin baya a matsayin shaida.

"Baiwar Allah, kin buɗe tambayoyin kwas ɗinku?"

"Na buɗe, ranka ya daɗe. Na ga ba nawa ba ne na rufe."

"Kin share fayilolin malamai?"

"Na bar musu wanda suka rantse a kansa."

Wani ɗan kwamiti ya danne dariya da tari.

"Wa ya ba ki kalmar sirrin mai gida?"

"Wane mai gida? Ni mai gidana ga shi can. Kati kawai ya ba ni."

Jami'in jarabawa ya ce na'ura ba ta ƙarya. Babu yadda ɗaliba za ta zama mai gida sai da kalmar sirri. Ko an ba ta, ko ta ɗauka. Hukuncin kuwa a rubuce yake: kora, da sanya suna a allon sanarwa.

Da aka ambaci allo, Uwar Biyu ta sunkuyar da kai.

Farfesa ya juya. "Injiniya, kai ne masanin. Ko ka taɓa barin kalmar sirri inda iyalinka za su gani?"

Makullin Darakta ya daina motsi.

Angama ya dubi kafet. Ya ga kujerar shugaban sashe, mai juyawa, da sunansa a ƙofa. Ya ga shugabannin sassan nan da suka yi dariyar babur, ya ji irin dariyar da za su yi yanzu. Kalma ɗaya ce kawai, "wataƙila". Ba ma sai ya ce e ba.

Agogon bango yana ta tafiya. Matarsa ba ta juyo ba. Bayan wuyanta kawai yake gani, da ɗankwalin da ta goge tun jiya.

Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a ba ni alli."

Babu alli, sai aka ba shi alƙalamin allo. Ya je gaban farin allo ya rubuta ɗaya da sifili goma sha shida. Ya sa tafin hannu ya rufe ɗayan.

"Wannan ita ce lambarta in ta shiga tsohon rumbu. Ba ta saci komai ba. Na'ura ce ta ɗauke ta mai gida ta buɗe mata ƙofa. Ni na faɗaɗa lambobi ban rufe tsohuwar hanya ba. An gaya mini, a gaban mutane, na mayar da abin wasa. Lambar ma ni na tsayar da layi na zaɓa mata, don in burge ta."

Farfesa ya daɗe yana kallon allon.

"Wato duk wanda ya sami lambar nan, haka za ta faru da shi?"

"Ko akuya ce, ranka ya daɗe."

"Na gode," in ji Uwar Biyu, ba ta juyo ba.

"Wa ya gaya maka tun farko?" Farfesa ya tambaya.

Aka aika a kira Anti Kundi. Ta shigo da littafinta, ta buɗe shafi na sittin da biyu, ta ajiye a gaban Farfesa. Da kwanan wata, da sunan rumbun, da lambar kanta, an ja mata layi biyu da jan biro. Da Farfesa ya tambaye ta ra'ayinta game da injiniyan, cewa ta yi faɗaɗawar da ya yi mai kyau ce, ita ba za ta iya ta a kwana huɗu ba, saura ne kawai bai ƙarasa ba.

Kafin azahar aka yanke hukunci. An wanke ɗaliba, za a ba ta takardar ban haƙuri da sabuwar lamba, a kuma sake tambayoyin kwas ɗinsu. Kujerar shugaban sashe ta Anti Kundi ce daga ranar. Angama an rage masa mataki ɗaya, da takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, zai yi aiki a ƙarƙashinta. Darakta ya ce da ma shi tun farko hankalinsa bai kwanta da gaggawar ba. Babu wanda ya dube shi.

Kwana goma sha ɗaya suka yi suna bin sauran wuraren ɗaya bayan ɗaya. A uku daga ciki suka sami irin wannan ramin. Suka sa mai gadi a tsohuwar ƙofa, yadda duk babbar lamba in ta zo wucewa za ta koma "ba kowa ba".

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da suka fito daga ɗakin kwamiti, Uwar Biyu ta yi gaba, shi yana biye, har bakin titi inda ake jiran mota. Rana ta take. Ya matso ya karɓi jakarta, ta bar masa.

"Kin ga dai na faɗi gaskiya," ya ce. "A gaban kowa. Kujera sukutum na ajiye saboda ke."

"Na gani."

"To ba za ki ce komai ba?"

"Baban Biyu, kuskuren na'ura ban riƙe ka da shi ba. Ni ma na taɓa yanka yadin mutane ba daidai ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma da Farfesa ya tambaye ka, agogon yana gabana. Daƙiƙa arba'in da bakwai ka yi kafin ka tashi."

"Tunani nake yadda zan yi bayani."

"Na san abin da kake tunani. Shekara goma sha ɗaya nake wanke maka aljihu."

Mota ta tsaya. Ta shiga, ta matsa can jikin taga, ta bar masa wuri a gefenta. Ya zauna da jakarta a cinya.

Ranar Asabar ta koma aji. Shi ya raka ta har ƙofa, ya tsaya a waje sai da ya ga ta buɗe ma'ajiyarta, ya tabbatar babu komai a ciki.

Darasi: Aiki bai ƙare ba don ɓangaren da ake gani ya yi kyau, sai an bi tsofaffin hanyoyin da ba mai son dubawa. Wanda ya ce maka "dakata, da saura", ba maƙiyinka ba ne, kada ka sayi dariyar mutane da mutuncinsa. In kuma kuskurenka ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, ka tashi ka amsa tun kafin a fara ƙirga maka daƙiƙa, domin na kusa da kai suna yafe kuskure da sauri, jinkirin ne yake daɗewa a ransu. Ku tura labarin nan ga duk wani mai saurin cewa ya kammala. In kun duba ba ku ga kowa ba, to ku sake karantawa a hankali.